Yadda Ake Sayen Gyaɗa da Kayan Ƙwalama a Shagon Gida a Maraɗi

Wanda ya yi kwana biyu a Maraɗi, ko fatauci ya kawo shi ko zumunci, da wuya ya koma gida ba tare da ƙullin tsaraba ba, kuma a cikin ƙullin nan ba a rasa ƙuliƙuli, soyayyar gyaɗa, aya ko dakuwa. Ana samun waɗannan a kowace tasha da kowane lungu a kan farantin 'yan talla, kuma babu laifi a saye su a can idan na ci ne nan take. Amma mai son ya sayi abu da yawa, wanda zai yi tafiya mai nisa ya kuma yi makonni bai sauya ɗanɗano ba, gara ya nemi irin shagon da gida ɗaya ke riƙe da shi, inda maigida ke sayo gyaɗa daga kasuwannin ƙauye, uwargida da 'ya'yanta mata ke tsinta da suya a cikin gida, wani yaro ko wata dattijuwa kuma ke zaune a bakin shago. A irin wannan wuri abin da kake biya kuɗi a kansa shi ne hannun mutanen gidan, wato yadda suke tsince gyaɗa da yadda suke soya ta, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan hanya ce ta gane wannan hannun kafin ka zaro kuɗi.

Abu na farko shi ne suna. A bakin Maraɗawa da yawa, musamman dattawa da mutanen karkara, gyaɗa ita ce gujiya, alhali a Kano idan aka ce gujiya ko gurjiya ana nufin wata aba dabam, mai ƙwaya ƙulu-ƙulu, wadda a nan aka fi sani da kwaruru. Kowa zai gane ka idan ka ce gyaɗa, sai dai kada ka yi mamaki idan mai shago ta amsa maka da gujiya, kada kuma ka ce ba ita kake nema ba kafin ka ga abin da ta miƙo.

Ba haka kawai gidaje suka ƙware a wannan sana'a ba. Gyaɗa ce ta fara ɗaga Maraɗi a harkar kasuwanci tun zamanin mulkin Faransa, lokacin da kamfanonin Turawa ke saye ta a kaka ta hannun dillalai 'yan gari, waɗanda wasunsu suka zama manyan alhazan birnin daga baya. An kafa masana'antar tatsar mai ta Siconiger a garin a 1942, sannan bayan samun mulkin kai gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don ya riƙe cinikin gyaɗar ƙasar, wadda a lokacin ita ce kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa waje. Farin da ya yi tsanani a 1973 da 1974, da cutar kuturtar gyaɗa da ta biyo baya a 1975, su suka karya wannan ciniki, yuraniyom ya maye gurbinta. Gyaɗar ba ta bar gonaki ba, amma kasuwarta ta dawo cikin gida, kuma babban rabo na sarrafa ta ya zauna a hannun mata, masu turmi da kasko. Shagon da kake nema ɗan wannan tarihi ne, shi ya sa sau da yawa za ka tarar sana'ar ta fito daga kaka zuwa uwa zuwa jika.

Irin wannan shago ba ya cika samun allo a ƙofa. Hanyar samunsa ita ce tambaya, kuma wanda ya kamata ka tambaya shi ne wanda abincinsa ya dogara da kayan: mai tsire ko mai kilishi, domin shi ke sayen ƙuliƙuli da tunkuza kullum, ko matar gidan da ka sauka, domin ita ta san inda ake yin odar kayan gara. Ɗan kabu-kabu zai kai ka, amma kada ka bar masa zaɓi, don zai sauke ka a wurin da ya fi kusa ko wurin ɗan'uwansa. Ka samo sunan unguwa da laƙabin mai sana'ar tukuna, ko a tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo da Maradawa ne, ko a Sabon Gari, Zariya ko Ali Ɗan Sofo. Idan ka shiga layin, hanci zai ƙarasa maka sauran aikin, saboda gidan da ake suyar ƙuliƙuli ba ya ɓoyuwa.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci fiye da yadda baƙo ke zato. Ana shuka gyaɗa da faɗuwar damina, wajen watan Yuni ko Yuli, irin da aka fi nomawa kuma, wato 55-437 wanda manoma ke kira 'yar Dakar, yana nuna cikin kwana 90 ko kusa da haka, don haka sabuwar gyaɗa tana shigowa kasuwa daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Daga nan har ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu, shi ne lokacin da ya fi dacewa da saye: kaya sabo ne, farashi bai hau ba, iskar hunturu kuma a bushe take, ba ta barin komai ya yi laushi. Da bazara ta kama, zafin Afrilu da Mayu yana sa man da ke cikin gyaɗa ya juya da wuri, farashi kuma yana tashi yayin da manoma suka fara neman iri. A tsakiyar damina abin da ke kasuwa tsohon kaya ne da ya sha ajiya, ga laima, saboda haka a lokacin ne ya kamata ka fi tsananta bincike ka kuma rage yawan abin da za ka saya. A cikin yini, hantsi ya fi, bayan an sauke suyar safe kafin rana ta take. Ranar Juma'a ka gama kafin a tafi masallaci, kuma a makon ƙarshe na azumi ko jajibirin babbar salla kada ka sa ran a tsaya yi maka dogon bayani, domin oda ta riga ta yi wa gidan yawa.

Idan ka isa, sallama ce gaba da komai, ko da shagon a buɗe yake a bakin hanya. Idan babbar mace ce a zaune ka ce mata Hajiya ko Inna, dattijo kuma Baba ko Alhaji, sa'anka Malam, ka gaishe su a natse: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina kasuwa. Mai shago za ta amsa da alhamdulillahi, ta tambaye ka gida da hanya, kuma sai an gama wannan ne ake shiga maganar ciniki. Wanda ya faɗo yana nuna kaya da yatsa yana tambayar kuɗi zai samu abin da ya nuna, amma ba za a gaya masa cewa akwai wanda aka sauke yanzu a ciki ba. Idan wani ne ya turo ka, ka ambaci sunansa tun a gaisuwa. Akwai kuma iyaka da ya kamata namiji ya kiyaye: shago ko zaure nan ne wurinsa, ba ya leƙa cikin gida don ya ga inda ake suya sai in maigida da kansa ya ce ya shigo. Abin da yake son gani, ya roƙa a aiko yaro ya fito da shi. Mace kuwa sau da yawa za a ce mata ta shigo daga ciki, kuma wannan babbar dama ce, shi ya sa nake ganin wanda zai yi sayayya mai yawa gara ya tafi da matarsa ko 'yar'uwarsa. Hoto ma sai an nemi izini, musamman inda mata ke aiki.

Kafin ka fara taya kaya ka daidaita kanka da lissafin kuɗi, don a nan ne baƙi daga Najeriya ke yawan ruɗewa. Da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan aka ce dala ashirin ana nufin sefa 100, dala hamsin 250, dala ɗari 500, jikka kuma sefa 1,000. Sau da yawa ba a ma ambaton kalmar dala, sai a ce maka ɗari kawai, kai kuma ka ninka sau biyar a ranka. Ka riƙe ƙananan kuɗi, domin babbar takarda da safe tana sa a tura yaro neman canji layi-layi kana tsaye. Ɗanyar gyaɗa da aya da riɗi da tiya ake auna su, kuma tiya ba ma'aunin nauyi ba ce, kwano ne da ake cikawa har ya yi tozo, don haka ka dubi girman kwanon da yadda aka tsayar da tozon. Ka kuma tuna cewa mai ɓawo da ɓararriya ba farashinsu ɗaya ba, saboda ɓawo kaɗai yana cin kusan kashi uku cikin goma na nauyi, a cikin kwano kuma yana cin wuri fiye da haka.

Yanzu sai gwajin gyaɗar kanta, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Ka fara da ɗanya ko da soyayya ka zo saye, domin daga buhun nan ne komai na shagon ya fito. Ka nemi izini ka tura hannu cikin buhu, ba sama-sama ba, ka ɗebo daga tsakiya ka baza a tafin hannu a wurin haske. Ƙwaya mai kyau cikakkiya ce, fatarta a lafe, launinta ɗaya da na 'yan'uwanta, idan ka murza fatar tana fita, idan ka fasa kuma tana rabuwa biyu da ɗan ƙara, cikinta fari tas. Wadda ta yamushe, wadda ta yi baƙi ko ruwan toka, wadda cikinta ya yi rawaya ko ya yi ƙura-ƙura kore, da wadda ke da ɗan rami da gari a gefensa alamar ƙwaro ya shige ta, duk na zubarwa ne. Samun ɗaya ko biyu a hannu guda ba abin tashin hankali ba ne a buhun da ba a tsince ba tukuna, amma idan ka ƙirga suka yi yawa ka bar buhun. Ka sansana: gyaɗa lafiyayya tana da ƙamshin ƙasa busasshiya, mai warin ɗaki rufaffe ko warin laima kuwa ta riga ta kamu. Idan ka ji warin magani, ko ka ga ƙwayar ta rine da wani launi ja ko shuɗi da ba nata ba, wannan iri ne da aka yi wa magani don shuka, ba na ci ba ne ko kaɗan, kuma wanki ba ya mayar da shi abinci.

Dalilin wannan tsanani shi ne wata guba da ake kira aflatoksin, wadda wata irin fumfuna ke haifarwa a cikin gyaɗa da masara idan fari ya kama shuka gab da girbi, ko aka ji wa ƙwanso rauni wajen tona, ko aka adana kaya bai gama bushewa ba. Duniya ta san ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. A jikin mutum hanta take yi wa illa, tana daga cikin sanannun abubuwan da ke jawo dajin hanta, haɗarin kuma ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne suya ba ta kashe ta gaba ɗaya, kuma yawancinta tana taruwa ne a cikin 'yan tsirarun ƙwayoyi da suka lalace. Ke nan tsintar da mata ke yi a kan faifai, ƙwaya-ƙwaya, kafin a ɗora kasko, ita ce babbar kariyar da gida ke iya bayarwa.

Saboda haka tambayar da na fi amincewa da ita ba ta farashi ba ce. Cikin ladabi ka ce: Hajiya, ko zan ga tsintar da aka fitar daga wannan? Gidan da ke tsinta yana da kwanon da yake tara baragurbin, kuma ba ya jin nauyin nuna shi, har ma mai gidan takan ji daɗin an lura da wahalarta. Gidan da ya rasa abin nunawa, akwai yiwuwar komai da komai yake kaiwa injin niƙa. Wannan tambaya ta fi muhimmanci ga ƙuliƙuli da tunkuza, domin da zarar an niƙa gyaɗa ido ba ya ƙara raba mai kyau da marar kyau, yaji da citta kuma suna rufe ɗacin da harshe zai ji. Idan an ba ka tsintar kyauta don dabbobi ma kada ka karɓa wa akuya ko saniyar tatsa, saboda gubar tana ratsawa zuwa nono.

Soyayyar gyaɗa kuwa da baki ake gwada ta, kuma ɗanɗano haƙƙin mai saye ne matuƙar bai mayar da shi karin kumallo ba. Yawanci a cikin yashi mai zafi ake soya ta don wuta ta ratsa ko'ina daidai, wasu su jiƙa ta ko su ɗan tafasa ta a ruwan gishiri tukuna, wasu su lulluɓe ta da sukari. Ka ɗauki uku ko huɗu daga wurare dabam-dabam na tire. Wadda ta soyu tana yin garas a haƙori, cikinta ya yi ruwan zuma har tsakiya. Idan waje ya yi duhu ciki fari, an yi gaggawar wuta, idan kuma ta lanƙwasa a baki maimakon ta fashe, ta sha iska ko ta kwana a buɗe. Ɗanɗanon da ya fi muni shi ne wanda ke zuwa daga baya, wani maƙaƙi a maƙogwaro bayan ka haɗiye, alamar man ya tsufa. Wajen rabin nauyin gyaɗa mai ne, shi ya sa soyayya ba ta jure ajiya kamar ɗanya mai ɓawo. Ka tambayi ranar da aka soya, ka kuma ɗaga kwalbar ko ledar ka dubi gindinta ko yashi ya kwanta.

Ƙuliƙuli shi ne ma'aunin gwanintar gida, kuma sanin yadda ake yin sa yana taimaka wa mai saye. Ana soya gyaɗa sama-sama, a murje fatar a sheƙe, a kai inji a niƙa, sannan a zuba a turmi ana ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da ƙarfi har man ya fara tsatsafowa ya taru a sama. A kwashe man, a matse abin da ya rage, wato tunkuza, a mulmula ta yadda ake so, ko dunƙule, ko zobe, ko siriri kamar yatsa, ko fale-fale, a soya a cikin man da ya fito daga jikinta. Idan ka karya ƙuliƙuli mai kyau yana ɓallewa da ƙara, launin cikinsa ɗaya da na wajensa, ba ya barin maiƙo mai yawa a yatsa. Mai duhu sosai ya ƙone ko an soya shi a man da ya gaji, mai laushi a tsakiya kuma bai gama soyuwa ba, shi ne ke fara yin fumfuna a cikin leda. Ka faɗi abin da za ka yi da shi tun farko. Na ci da hannu ana sa masa sukari ko yaji a yi shi siriri don kada ya wahalar da haƙori, na daka wa kwaɗon zogale ko rama da na yajin tsire kuwa gara babban dunƙule marar sukari. A ganina wanda zai kai wa tsofaffi tsaraba ya sa a daka masa gari kawai, domin ƙuliƙuli mai tauri ya raba mutane da yawa da haƙoransu.

Kusan duk gidan da ke yin ƙuliƙuli yana sayar da mai, a kwalba ko da lita. Man gida yana da ƙamshin soyayyar gyaɗa ƙarara, launinsa ya fi na kanti duhu, kuma ɗan abin da ke kwantawa a gindin kwalba ba aibi ba ne. Abin dubawa shi ne gauraye da man jarka mai arha da ake shigowa da shi daga waje: ƙamshin yakan yi rauni, da safiyar sanyi kuma sau da yawa yakan yi fari-fari ko gudaji a ƙasa. Ka zo da kwalbarka wankakkiya busasshiya, saboda ɗigon ruwa kaɗan yana ɓata mai, kuma ba ka san abin da tsohuwar robar da za a ba ka ta taɓa ɗauka ba.

Kada gyaɗa ta ɗauke maka hankali daga aya, domin jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta a Nijar, musamman wajen Agye, Gazawa da Cadawa, kuma daga nan ake lodinta zuwa Najeriya. Akwai babba akwai ƙarama. Babbar ta fi daɗin tauna, ƙaramar kuma ita aka fi soyawa a daka. Matsalar aya ɗaya ce, tsakuwa, saboda daga cikin ƙasa ake tono ta a tankaɗe, tsakuwar kuma girmanta da launinta ɗaya da na ayar. Ka tambaya ko an rege ta, ka baza kaɗan a faifai ka duba da kanka, idan na kunun aya ne ka sake regewa a gida ko me aka ce maka. Dakuwa ma wannan ce jarrabawarta: ka saka kaɗan a baki ka tauna a hankali, idan ka ji gurus-gurus na ƙasa a haƙori ka haƙura da ita, komai ƙamshinta. Mai kyau tana da laushi, zaƙinta bai danne ƙamshin ayar ba, barkonon kuma daga ƙarshe yake tasowa. Kantun riɗi da alewar gyaɗa su ɓalle su kuma yi sheƙi. Idan suna manne wa leda sun sha zafi ko laima.

Kayan madara irin su gullisuwa da tuwon madara ba sa jure zafin mota, ka saye su daidai ci. Alkaki, dubulan, nakiya da cincin kuwa galibi ba a ajiye su da yawa a shago, oda ake yi, musamman don gara ko suna. Ka ba da kwanaki isassu, ku yi magana a kan adadi da girma da irin man da za a soya da shi, ka ba da kafin alƙalami don a sayi fulawa da sukari, sannan a tsayar da ranar karɓa a gaban wani daga cikin mutanen gidan. A lokacin sanyi za ka iya tarar da soyayyar fara da yaji a gefe, ita ma ka sansana ta kafin ka saya, duk wadda ke da wari baƙo ka bar ta.

Wajen ciniki akwai abin da ake tayawa akwai wanda ba a tayawa. Ƙananan ƙulli na dala biyar ko dala goma farashinsu a yanke yake, neman ragi a kansu zubar da girma ne. Tiya, lita da oda mai yawa su ake tayawa. Ka bari mai kaya ta faɗi kuɗinta, ka taya da abin da bai zama raini ba, idan ta ce albarka ka ƙara kaɗan, har ta sallama. Idan ka riga ka zaga babbar kasuwa ka ji yadda tiya take a ranar, tayinka zai zauna daidai, sai dai ka sani cewa kayan da aka tsince dole ya ɗara na buhu kuɗi, domin abin da aka zubar da yinin da aka yi a kan faifai duk suna cikin lissafi. Wanda ya matsa wa irin wannan gida sai ya sayar da farashin kasuwa, yana koya masa ne ya daina tsinta. Na fi son a biya kuɗin da aka sallama sannan a ce: Hajiya, a yi mini gyara. Gyara ba ta ɓata ran kowa, kuma sau da yawa abin da za a ƙara maka ya fi ragin da ka so ka samu.

Ɗaurin kaya ya danganta da nisan tafiya. Kada a ƙulle soyayyar gyaɗa ko ƙuliƙuli da sauran ɗumi, domin tururin zai koma ruwa a cikin leda ya sa su laushi kafin ka kai Dogon Dutsi, balle Yamai mai nisan fiye da kilomita 600. A bari su huce sarai, a zuba a kwalba ko bokitin roba mai murfi, a raba mai yaji da mai zaƙi, a nisanta su duka daga fara da daddawa da sabulu, saboda mai yana jan wari. Kwalbar mai a naɗe bakinta da leda kafin a murɗa murfi, a tsayar da ita a jakar hannu, kada ta shiga ƙarƙashin mota tare da buhuna. Idan kaya zai daɗe kafin a ci, ɗanya mai ɓawo ce ta fi dacewa, a soya kaɗan-kaɗan a gida. A ajiye ta a inuwa, a ɗora buhun a kan katako ba a kan siminti ba, a kuma ɗan ja shi daga jikin bango.

Idan za a raba tsarabar a gida a kula da ƙananan yara. Yaron da bai kai shekara biyar ba bai kamata a ba shi ƙwayar gyaɗa ko aya guda ba, domin tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi, gara a daka masa ko a dama a kunu. Akwai kuma mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi sam, da sun ci sai ƙaiƙayi da kumburin leɓe ko fuska, wani har numfashi ya yi masa wuya. Irin wannan asibiti ake kai shi nan take, kuma dakuwa da kilishi da tsire duk suna cikin abin da zai kiyaye, tunda sau da yawa gyaɗa na cikinsu ko ba a gan ta ba.

Kafin ka yi sallama ka karɓi lambar wayar ɗan gidan da ke kula da shago, ka tambayi ranakun da suke suya, domin gidaje da yawa ba kullum suke ɗora kasko ba, sai kayan da ke ƙasa ya kusa ƙarewa. A zuwa na gaba ka kira kwana biyu kafin ka taso, ka faɗi tiya nawa kake so da yadda kake son gishiri da yaji, a soya naka da safiyar ranar da za ka karɓa. Wanda ke nesa yana iya tura kuɗi ta Nita ko Amana a saka masa kayan a mota, amma ya bari sai ya je da ƙafarsa sau ɗaya ko biyu tukuna, ya tura hannu a buhun gidan, ya kuma ga kwanon tsintarsu.